Littafin Sirri na Shugaba a Matsayin Madogarar Tarihi

Jam'iyyun kwaminisanci sun bar takardu tuli, amma akasarinsu an tace su kafin a adana. Saboda haka ne masana tarihi suka ɗauki littafin Georgi Dimitrov da muhimmanci, watau ɗan Bulgariya da ya shugabanci Komintan daga 1935 zuwa 1943. Ya riƙa rubuta al'amuran yau da kullum daga 1933 har 1949, shekarar rasuwarsa, ba a kuwa buga littafin ba sai 1997 a Sofiya.

Alal misali, a ciki ne aka sami jawabin Stalin a wata liyafa ranar 7 ga Nuwamba, 1937, inda ya sha alwashin halaka duk maƙiyin ƙasa har da danginsa. Jaridun lokacin ba su ɗauki wannan ba. Sai dai Dimitrov ya san bango yana da kunne. Ya kawo kalaman, har ya rubuta yadda shi kansa ya mara musu baya a liyafar, hakan kuwa ba lallai ne ya nuna ainihin abin da ke zuciyarsa ba.

A nan gida akwai makamancinsa ta fuskar matsala: littafin Hamman Yaji, hakimin Madagali, na 1912 zuwa 1927. Shi bai ɓoye hare-haren kamun bayi ba, amma shifta ya yi wa magatakarda, aka rubuta da Larabci, abin da ya iso hannun manazarta kuma fassarar Turawan da suka tuɓe shi ce, wadda aka buga a 1995.