Gudanar Da Ayyuka: Ƙalubalen Da Sabon Shiga Ke Fuskanta

Gudanar da ayyuka fanni ne na tsara aikin da ke da ranar farawa da ranar gamawa, kamar gina asibiti ko shimfiɗa titi, a kuma kammala shi a kan lokaci, da kuɗin da aka ware, bisa ingancin da aka yi alkawari. Wanda aka ɗora wa wannan nauyi shi ake kira manajan aiki. A Nijeriya buƙatar ƙwararru a fannin ba ɓoyayya ba ce, domin a shekarar 2011 kwamitin da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba.

Ƙalubale na farko ga sabon shiga shi ne takardar shaida. Cibiyar PMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1969, ba ta ba mai digiri damar zana jarrabawar PMP sai ya yi watanni 36 yana jagorantar ayyuka, alhali masu ɗaukar ma'aikata da dama ita suke fara tambaya. Mafita ita ce a fara da CAPM, wadda ba ta buƙatar gogewa, sai shaidar kammala sakandare da horon sa'o'i 23. Akwai kuma tsarin PRINCE2 na Birtaniya, sannan a gida dokar 2018 ta kafa cibiyar CIPMN don kula da sana'ar.

Na biyu shi ne nauyi ba tare da iko ba. Sabon manaja kan samu kansa tsakanin mai aiki da ɗan kwangila da injiniyoyin da suka girme shi. Ba ya iya korar kowa, amma idan aiki ya tsaya shi ake tuhuma. Abin da ke kare shi shi ne rubutu: duk matsayar da aka cimma a taro ya sa ta a takarda, ya bayyana wanda zai yi da ranar da zai gama.

Na uku shi ne ƙarin aiki a tsakiyar tafiya. Mai gini kan buƙaci ƙarin shaguna, bai ƙara kuɗi ko lokaci ba, ga shi farashin siminti da rodi ba ya zama wuri ɗaya. Ƙa'ida ita ce kada a karɓi canji da baki, sai an lissafa abin da zai ci an sa hannu.

Ma'aikacin gwamnati kuwa wajibi ne ya san Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, domin saɓa mata laifi ne da ke kai mutum kotu.

Gogewa dai daga ƙananan ayyuka take farawa. Gyaran ajujuwa ko haƙa rijiyar burtsatse ma aiki ne, muddin an adana bayanan kasafinsa da wa'adinsa, domin da su ake kafa hujja ranar neman babbar shaida.