Daga Jakar Zinariya Zuwa Shagon Ɗan Kasuwa: Tarihin Kyautar Kirsimeti da Darasinsa Gare Mu

 

Yau za mu leƙa tarihin maƙwabtanmu Kiristoci, waɗanda muke zaune tare da su a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Aƙidarmu game da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sananniya ce: bawan Allah ne kuma Manzonsa, bikin Kirsimeti kuwa ba ya cikin ibadunmu. Sai dai abin da ya sami kyautar wannan biki cikin ƙarnoni abin lura ne ga duk mai Sallah biyu a shekara.

Shaida mafi daɗewa a rubuce ta nuna ana bikin haihuwar Isa ranar 25 ga Disamba a birnin Rum tun shekarar 336 miladiyya. Kyautar da ake bayarwa kuwa, Kiristoci suna jingina ta ga labarin da ke cikin littafinsu, na wasu masana daga gabas da suka kawo wa jaririn zinariya da lubban da mur.

Tushe na biyu shi ne wani babban limamin coci mai suna Nikolas, wanda ya rayu a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Suna ruwaito cewa wani talaka yana da ƴaƴa mata uku, bai da abin aurar da su, har yana tsoron talauci ya jefa su cikin lalacewa. Sai Nikolas ya riƙa zuwa da dare yana jefa jakar zinariya ta taga, ya gudu don kada a gane shi. Saboda wannan labari ne aka saba ba yara ƴan kyaututtuka ranar 6 ga Disamba, ranar tunawa da shi. A lura da siffar kyautar: a ɓoye take, mabuƙaci aka nufa da ita, kuma mutuncin wani gida ta tsare.

A ƙarni na 16, lokacin da Martin Luta ya yi wa cocin Katolika tawaye a Jamus, mabiyansa sun ƙi girmama waliyyai. Sai aka mayar da kyautar yara zuwa ranar Kirsimeti kanta, aka ce daga jariri Almasihu take. Wasu ma sun tsananta fiye da haka. Majalisar Ingila ta soke bikin a 1647. A yankin Masacusets na Amurka, daga 1659 zuwa 1681, duk wanda aka kama yana bikin sai ya biya tarar sule 5. Hujjarsu ita ce littafinsu bai yi umarni da shi ba, ga shaye-shaye da almubazzaranci da suka mamaye shi.

Babban sauyi ya zo a Amurka a ƙarni na 19. Sunan Nikolas a bakin mutanen Holan, wato Sintaklas, ya koma Santa Kulos a birnin Niyok. Daga 1863 mai zane Tomas Nast ya riƙa fitar da hotonsa a jarida, manyan kantuna kuma suka ɗauke shi abin jawo yara da iyayensu. A 1931 kamfanin Coca-Cola ya sa shi cikin tallarsa, tsoho mai tumbi da jajayen tufafi, hoton ya cika duniya. A 1939 kuwa, bisa roƙon ƴan kasuwa, Shugaba Rusbelt ya janyo ranar hutun godiya ta ƙasa baya da mako guda, don kwanakin sayayyar Kirsimeti su ƙaru. Mutumin da ya gudu don kada a gan shi yana bayarwa, shi ne aka kafa hotonsa a ƙofar shago.

Kiristoci masu kishin addininsu sun ji zafin wannan. A 2006 wasu fastoci a Amurka suka fara kira ga mabiyansu su rage sayayya, su ƙara ibada, su tara abin da suka rage a haƙa rijiyoyi a ƙasashen da ke fama da rashin ruwa. Bayan ƙarnoni 16, suna neman hanyar komawa ga tagar talakan nan.

To mu fa? Babu wanda ya tashi rana ɗaya ya ce zai sayar da bikinsa. A hankali aka yi, kowace shekara ana ƙara kaɗan, har abin da yake sadaka ya zama gasa. Mu dubi Sallolinmu. An farlanta zakkar fidda kai a shekara ta 2 bayan hijira: sa'i ɗaya, wato mudun Annabi 4, daga abincin da aka fi ci a gari, a fitar kafin a tafi idi don kada miskini ya yini yana bara. Layya kuma, a mazhabarmu ta Malikiyya, sunna ce mai ƙarfi a kan wanda kuɗin dabbar ba zai taɓa larurarsa ba. Amma nawa ne magidancin da ke cin bashi don ragonsa ya fi na maƙwabci ƙaho? Nawa ne gidan da ake ɗinka shadda kala uku, alhali marayun da ke bayan katanga ba su da tiyar hatsi? Nawa ce matar da ta yi yaji saboda kayan Sallah?

Ado ranar idi sunna ne, faranta wa iyali ibada ce, goron Sallar yara kuma al'ada ce mai kyau. Abin tsoro shi ne a juya tsarin. Suratul Furƙan ta yabi masu ciyarwa tsaka-tsaki, Suratul Isra'i ta yi kakkausan gargaɗi ga masu almubazzaranci, Suratul Baƙara kuma ta nuna fifikon sadakar da aka kai wa talaka a ɓoye.

Saboda haka kafin Sallah mai zuwa, kowa ya zauna da iyalinsa ya jera abubuwa bisa matsayinsu: farilla tukuna, sai bashin da ke wuya, sai haƙƙin dangi da maƙwabci, Musulmi ne ko Kirista, sannan ado gwargwadon aljihu. Kuma ya ware wani kaso, ko jika ɗaya ce, wanda babu mai sanin inda ya tafi sai Allah.

Allah ya karɓi ibadunmu, ya tsare mu daga riya da bashi.