Ƙuri'ar da ta mai da Shikago birni na biyu a Amurka

Ranar Asabar 29 ga Yunin 1889, magidanta a garuruwan da ke kewaye da birnin Shikago suka fita jefa ƙuri'a a kan tambaya guda: su ci gaba da zaman kansu, ko su shige cikin birnin? Da aka ƙirga ƙuri'u, masu son shiga ne suka yi rinjaye a Hyde Park da Lake da Lake View da Jefferson, aka kuma haɗa da wani yanki na Cicero. A tashi ɗaya Shikago ta samu ƙarin ƙasa mai faɗin murabba'in mil kusan 125, da ƙarin mutane wajen 225,000. Faɗin birnin ya kusa ninkuwa huɗu. Saura wata goma sha ɗaya a fara ƙidayar jama'a ta ƙasa.

A tsarin Amurka, kowane birni yana da iyaka da doka ta shata masa. Abin da ke bayan iyakar, ko dai wata ƙaramar hukuma ce mai cin gashin kanta, ko kuma fili ne da ba ya hannun kowane gari sai gunduma. Idan lokacin ƙidaya ya zo, duk bayan shekara goma, ana lissafa wa birni mutanen da ke kwana a cikin iyakarsa ne kawai. Mahaucin da ke wuni a birni ya koma bayan gari ya kwana, ba ya cikin lissafi. Don haka tun da daɗewa shugabannin birane suka gane cewa hanya mafi sauri ta ƙara yawan jama'a ita ce a matsar da iyaka kafin masu ƙidaya su iso.

Shikago kuwa gari ne mai gaggawa. Lokacin da ta zama birni a 1837, mazaunanta ba su wuce 4,000 da 'yan kai ba. Gobarar 1871 ta cinye tsakiyarta, aka sake ginawa, kuma a ƙidayar 1880 aka same ta da mutum 503,185, tana ta huɗu a bayan New York da Filadelfiya da Brooklyn. Sai dai yawancin bunƙasar da ta biyo baya a gefen gari take faruwa. Babbar karar dabbobi da mayankar da Shikago ke tinƙaho da su, a garin Lake suke. Masana'antun ƙarfe na kudu, da garin da attajiri George Pullman ya gina wa ma'aikatan kamfaninsa na taragun jirgin ƙasa, duk a ƙasar Hyde Park suke. Dukiyar da jama'ar na Shikago ne a baki, amma a takarda na wasu ne.

Akwai kuma wani abin da ya ƙara wa masu faɗa-a-ji na birnin ƙaimi. Amurka na shirin gagarumin baje-koli na duniya don cikar shekara 400 da zuwan Kolombus nahiyar Amurka, kuma New York da Washington da St. Louis duk sun sa rai. Birnin da zai ce ya kai mutum miliyan ɗaya, maganarsa za ta fi nauyi a gaban majalisar dokokin ƙasar, wadda ita ce za ta zaɓi inda za a yi shi.

To amma talakan da ya jefa ƙuri'a, ba alfaharin ƙidaya ne a gabansa ba, ruwa ne. Tun 1867 Shikago ta haƙa rami mai tsawon mil biyu a ƙarƙashin Tafkin Mishigan, tana janyo ruwan sha daga nesa da gaɓa, inda ƙazantar gari ba ta cika kaiwa ba. Ƙananan garuruwan kuwa jama'a ta yi musu yawa, aljihunsu bai kai ba. Famfo ba ƙarfi, magudanai ba su wadata ba, 'yan kwana-kwana da 'yan sanda kaɗan ne, makarantu sun cika. Magajin garin Shikago na lokacin, DeWitt Cregier, injiniya ne da ya shafe shekaru yana kula da gidan ruwan birnin, ya san abin da zai ja hankalin mutane. Pullman ya yi adawa da haɗewar, don ba ya son wata hukuma ta sa masa baki a garin da ko gida ɗaya ba a sayar wa ma'aikaci. Wasu unguwannin Hyde Park da suka haramta sayar da giya sun ji tsoron mashaya za su biyo birni su shigo musu, sai aka bar musu dokarsu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: ƙuri'a ta wuce.

A farkon Yunin 1890 masu ƙidaya suka bazama, kowane iyali da takardarsa daban. Wanda aka tura sababbin yankunan yakan bar layin gidaje ya ratsa gonakin kayan lambu da fadamun da ke kewayen Tafkin Calumet, ya tarar da manomi a bakin rijiyarsa, ya rubuta shi a matsayin mazaunin birnin Shikago. A Washington aka mai da bayanan zuwa katuna masu huji, aka zuba su a injin lantarki da Herman Hollerith ya ƙera, karo na farko ke nan da aka yi amfani da shi a ƙidayar ƙasar.

Sakamako ya fito: New York 1,515,301, Shikago 1,099,850, Filadelfiya 1,046,964. Ratar da ke tsakanin ta biyu da ta uku ba ta kai 53,000 ba. A cire mutum 225,000 da ƙuri'ar 1889 ta kawo, Shikago za ta sauko ƙasa da 900,000, Filadelfiya ta riƙe matsayinta. Baje-kolin ma tun a Fabrairun 1890 majalisar wakilai ta bai wa Shikago, aka buɗe shi a Mayun 1893 a dandalin Jackson Park, filin da shekara huɗu kafin nan ba ya cikin birnin.

New York ta ga abin da ke tafe. Tsoron kada Shikago ta sha gabanta na cikin dalilan da suka taimaki masu neman a haɗa ta da maƙwabtanta. Mutanen Brooklyn sun amince a 1894 da ratar ƙuri'a 277 kacal, haɗewar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1898, kuma a ƙidayar 1900 New York ta tashi da mutum 3,437,202.

A Shikago kuwa, haɗiye maƙwabta bai ɗore ba. A shekarar 1889 ɗin dai, jihar Illinois ta kafa hukumar magudanan ruwa wadda ikonta ya ƙetare iyakar birni, dokar kuma ta wajabta wa Shikago sayar da ruwa ga garuruwan da ke cikin yankin hukumar. Da zarar gari zai samu ruwa da magudana ba tare da ya miƙa wuya ba, sai kwaɗayin shiga birni ya ragu. Rogers Park ta shiga a 1893, amma Evanston ta ƙi a 1894, har yau kuma tana nan da magajin garinta.

Dabarar ba ta mutu ba. Hukumar ƙidaya ta Amurka tana aiki ne da iyakokin da suka tabbata a ranar 1 ga Janairun shekarar ƙidaya, kuma da alƙaluman ake rabon kujeru da wani kaso na kuɗin gwamnati har shekara goma. Shi ya sa idan ƙidaya ta ƙarato, majalisun birane kan ɗauko taswira su duba unguwannin bayan gari da ba su da hukuma sai gunduma. Su kuma mazauna wajen, tambayar da suke yi ba ta sauya ba tun zamanin Cregier: nawa za a ƙara mana na haraji, kuma yaushe bututun ruwa zai iso ƙofar gida?