Kolejin CEG a Birnin Ƙonni: Asali da Kayan Aiki

Idan ɗanka ya gama firamare a Alela, mataki na gaba shi ne koleji, wato CEG. Nijar ta gaji wannan tsari daga Faransa, ta ci gaba da shi bayan samun 'yancin kai a 1960. Karatun shekara huɗu ne, ana kammala shi da jarrabawar BEPC.

A birni kamar Ƙonni, ɗalibai sukan fi ƙarfin azuzuwan siminti, sai a ƙara da rumfunan zana. Gobara tana saurin cin irin waɗannan rumfuna, kamar yadda ta auku a wata firamare a Maraɗi a 2021. Don haka, kafin ka tura yaro birni, je ka duba ajinsa, ruwan sha da makewayi, sannan ka samar masa amintaccen mai masauki.