2.3 Asalin Gurasa a Cikin Birnin Kano

Duk da cewa ana lissafa gurasa cikin abincin gargajiya na Kanawa, tarihi ya nuna baƙuwa ce. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, fatake Larabawa suke ratso Sahara zuwa Kano. Daga baya na Tarabulus da Gadamas suka zauna a Dandalin Turawa, domin a da Larabawa ake kira Turawa. Harshe ma shaida ne: kalmomin gurasa da alkama da alkaki duk aro ne daga Larabci. Matan unguwar Jakara suka rungumi sana'ar, suna gasawa a tanderu, har baƙuwa ta zama 'yar gida. Ke nan, abincin Kanawa bai tsira daga tasirin fatauci ba.