Jira a Bakin Tebur: Jibin Ubangiji da Makonni Huɗu Kafin Kirsimeti

A yawancin majami'un da ake sujada da Hausa a Arewacin Nijeriya, da zarar Disamba ya kama, to Kirsimeti ya riga ya iso. 'Yan kwaya sun shiga waƙoƙin haihuwar Almasihu, Zumuntar Mata na kan batun anko, sanarwar ɗaurin aure ta cika takardar sakatare, ga godiyar kaka, ga tara kuɗin gini, mazauna birni kuma hankalinsu na kan kuɗin motar zuwa gida. Kaɗan ne za su iya gaya maka cewa waɗannan makonni suna da sunansu da aikinsu a kalandar Ikkilisiya. Sunansu Adbent, daga kalmar Latin mai ma'anar zuwa ko isowa. Suna farawa ranar Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wadda ke faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, kuma daga nan ne shekarar ibada ke somawa a coci-cocin da suka bi tsarin Yamma. Aikinsu kuwa jira ne. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne mun yi asarar wannan jira, asarar kuma tana da girma, sannan wurin da za mu same shi shi ne teburin Jibin Ubangiji.

Tun asali lokacin na kame kai ne. A shekara ta 380, majalisar bishop-bishop da ta zauna a Saragosa ta ƙasar Sifen ta umarci masu bi da kada su yi fashin zuwa majami'a daga 17 ga Disamba har zuwa 6 ga Janairu. A ƙarni na biyar, Bishop Perpetuus na birnin Tours a Faransa ta yau ya sa azumin kwana uku a mako tun daga 11 ga Nuwamba har Kirsimeti. Roma ta tsaya a kan Lahadi huɗu, Milan kuwa har gobe shida take yi. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha suna azumin kwana 43 kafin bikin haihuwar, wanda ke zuwa musu a 7 ga Janairu, Habashawa na kiransa azumin annabawa. Wannan ya isa ya nuna cewa Afirka ta san wannan jira tun kafin mishan ɗin Turai su tako ƙasarmu. Maƙwabtanmu Musulmi ma ba za su ji abin baƙo ba, tunda su ma tun daga Rajab da Sha'aban suke ɗaura ɗamarar Ramadan.

To me ya sa bai kafu a wurinmu ba? Amsar tana cikin tarihin waɗanda suka kawo bishara. Katolika da Anglika da Lutheran sun zo da kalandarsu cikakkiya. Wanda ya shiga cocin Katolika a Shendam, inda fadannin SMA suka sauka a 1907, ko cocin Anglika na Wusasa, ko na Lutheran a Numan, zai tarar da karatun da aka tsara wa kowace Lahadi: ta farko kan komowar Almasihu da zaman tsaro, ta biyu da ta uku kan Yahaya Mai Baftisma da kiransa na tuba, ta huɗu kan Maryamu da albishir ɗin da aka yi mata. A Katolika Fada yakan sa riga shunayya, kuma a ajiye waƙar ɗaukaka ta farkon Mas sai daren Kirsimeti. Amma mishan biyu da suka fi yaɗa sujada da Hausa, wato SIM da ta iso a 1893 wadda ECWA ta fito daga cikinta a 1954, da SUM ta Karl Kumm da ta sauka a Wase a 1904 wadda COCIN ke cikin 'ya'yanta, ma'aikatansu sun fito ne daga ɗarikoki dabam-dabam, da yawansu kuma suna ɗari-ɗari da duk abin da ya yi kama da al'adar Roma. Suka bar mana Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, da littafin waƙoƙi, da wa'azi mai ƙarfi. Cikin bukukuwa kuwa Kirsimeti da Ista ne suka fi zama da gindinsu. Muka gāji ranar biki, ba mu gāji shirin da ke gabanta ba.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ya fi jan hankalina. A Turai Adbent yana zuwa ne a tsakiyar sanyi da duhu, lokacin da rana ke faɗuwa tun la'asar. Shi ya sa kyandir ya yi musu ma'ana. Johann Hinrich Wichern, mai kula da gidan yara marasa galihu a Hamburg, shi ne a 1839 ya jera kyandirori a kan tayar amalanke, manya huɗu na Lahadi da ƙanana na sauran ranaku, don yaran su ga hasken yana ƙaruwa su daina tambayar yaushe Kirsimeti. A ƙasarmu abin ya sha bamban. Jiran da manomi ya sani a jikinsa shi ne na bazara, lokacin da ake ɗaga kai ana duban gabas, da na tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa gero bai nuna ba. Disamba kuwa kaka ce: an yanke dawa, an roro wake, ɗan kuɗi ya shigo hannu. Da wuya ka koya wa mai cikakken rumbu jira. Kyandir huɗu a kan bagadi da rana tsaka, cikin hasken hunturu, ba zai faɗa wa mutumin Zonkwa ko na Biliri abin da yake faɗa wa mutumin Hamburg ba. Ana bukatar wata alama da ta fi kusa da rayuwarmu, kuma babu abin da ya fi cin abinci tare kusa da ita.

Nassi kansa ya ɗaure Jibi da jira. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 11, Manzo Bulus ya bayyana cewa cin gurasar da shan ƙoƙon shela ce ta mutuwar Ubangiji wadda za a yi ta yi har ranar komowarsa. Ke nan mai cin jibi yana duban baya, yana kuma duban gaba. A ƙarshen wasiƙar ya rubuta kalmar Aramaik Maranata, roƙo ne ga Ubangiji ya zo, kuma kalmar ta sake bayyana a addu'ar bayan jibi cikin Didake, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan tsarin ibada. Bernard na Clairvaux, malamin ƙarni na 12, ya koyar a wa'azinsa na Adbent cewa zuwan Almasihu uku ne: na Baitalami da ya wuce, na ƙarshen zamani da ake jira, da na tsakiya wanda yake ɓoye a rayuwar masu bi yanzu. Ko mutum ya fahimci Jibi yadda Katolika ke fahimtarsa, ko yadda 'yan bishara ke ɗaukarsa a matsayin tuni, a teburin ne waɗannan ukun suke haɗuwa.

Sai dai abin da aka fi tsallakewa a surar shi ne abin da ya sa Bulus ya yi rubutun. Masu bi na Korinti suna taruwa ne a gidajen masu hali. Kamar yadda masanin nan na Jamus Gerd Theissen ya yi bayani, masu hannu da shuni kan iso da wuri su ci nasu, bayi da 'yan ƙwadago kuwa sai sun tashi daga aiki, su tarar an share kwano. Wani ya ƙoshi har ya bugu, wani yana jin yunwa. Bulus ya ce wannan bai cancanci a kira shi Jibin Ubangiji ba, maganin da ya ba su kuma a aya ta 33 shi ne su jira juna. Jama'ar da ta kasa jiran ɗan'uwan da take gani, da wane ido za ta ce tana jiran Ubangijin da ba ta gani?

Na ga wannan jira da idona a wata ƙaramar majami'ar ƙauye, wata Lahadi a farkon Disamba. Bayan wa'azi da baiko aka sallami waɗanda ba sa cin jibi. Matan zumunta suka jingine tulunan kiɗansu a gefe, ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai iskar hunturu na kaɗa kwanon rufi. Dattawa biyu suka zaga da faranti. Gurasar burodin kasuwa ce da aka yayyanka, abin sha kuma ruwan zoɓo ne a ƙananan kofuna. Kowa ya karɓa ya riƙe a tafin hannu, babu wanda ya kai baki. Wani tsoho makaho yana can ƙarshen benci, sai da jikarsa ta kama hannunsa ta ɗora a farantin. Sannan Rabaran ya ɗaga kai ya ce, “'Yan'uwa, akwai wanda bai samu ba?” Ya yi shiru yana duban layi bayan layi. Da ya tabbata, sai aka ci a tare. Shirun nan bai kai minti ɗaya ba, amma ban taɓa jin wa'azin Adbent da ya kai shi ba.

Da muka fito, sai na ga wata dattijuwa zaune a gindin darbejiya, Littafinta a cinya. Na gaishe ta, na ce, “Mama, yau ba ki shiga ba?” Ta ce, “Ɗana, ni ta biyu ce a gidan mijina. Tun kafin mu san hanyar nan aka kai ni.” Shekara da shekaru tana share majami'ar nan, tana ba da zakkarta, ranar jibi kuma ta fito ta zauna a waje. Tambayar Rabaran ba ta kai gindin darbejiya ba.

Ban ce a zubar da horon Ikkilisiya ba. Tebur ba wurin wasa ba ne, Bulus ma ya ce kowa ya gwada kansa kafin ya ci. Abin da ke damuna shi ne horon da ba shi da ranar ƙarewa: yarinyar da ta yi ciki aka mayar da ita bencin baya aka manta da ita, ma'auratan da suka yi auren gargajiya suka kasa kuɗin bikin coci, dattawa biyu da rikicin gona ya raba kowa ya daina cin jibi don kada ya ci hukunci. Ko batun mata fiye da ɗaya, Ikkilisiya ta taɓa sake dubansa. Taron bishop-bishop na Anglika a Lambeth a 1888 ya hana yi wa mai mata da yawa baftisma, amma na 1988 ya amince a karɓi wanda ya ba da gaskiya a cikin wannan hali, tare da matansa da 'ya'yansa masu bi, bisa sharuɗɗa, ciki har da alkawarin ba zai ƙara aure ba. Makonnin Adbent, da suke na tuba da gyaran hanya, su ne lokacin da ya dace dattawa su bi gida gida su duba irin waɗannan shari'u, su sulhunta wanda za a sulhunta, su maido wanda ya tuba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce Adbent ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. Gaskiya ne, amma 25 ga Disamba ma ba ta ciki, kuma babu wanda ya ce a daina Kirsimeti. Wani zai ce yawan cin jibi na rage masa kwarjini. Wannan tsohon tsoro ne. John Calvin ya so a riƙa ci kowane mako, majalisar birnin Janeba ce ta tsaya a kan sau huɗu a shekara. Ba ma rage addu'a ko karatun Nassi don gudun sabo, don me sai jibi? Matsalar da ta fi nauyi ita ce ta ma'aikata. Majami'un ƙauye da yawa mai bishara ko katikis ne ke riƙe da su, kuma ba shi da izinin ba da jibi sai Rabaran ko Fada ya zagayo. Wannan na bukatar tsari daga sama, a raba ziyara ta yadda kowace majami'a za ta samu ko sau ɗaya ne cikin makonni huɗun.

Akwai kuma masu cewa mutanenmu sun sha wuya, a bar su su yi murna. Na ɗauki wannan magana da muhimmanci, amma ina ganin masu shan wuyar ne suka fi kowa bukatar lokacin. A Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, akasarinsu 'ya'yan EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A ƙarshen Oktoba na shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatar cocin a Kwarhi, shugabanni suka koma Jos, mabiya suka watse zuwa Yola da Abuja da sansanin Minawao a Kamaru. Adbent na shekarar ya fara ne ranar 30 ga Nuwamba. Uwar da ba ta san inda 'yarta take ba, waƙar murna kaɗai ba za ta ɗauke ta ba. Tana bukatar sujadar da ta yarda cewa duniya ba ta gyaru ba tukuna, wadda ke ba ta bakin kuka da roƙon Ubangiji ya zo ya yi shari'a. Cocin EYN, da ya fara a Garkida a 1923, ya gāji jibin da ake haɗa shi da wankin ƙafa da cin abinci tare, kuma sauran ɗarikoki suna da abin koyo a wurinsa game da yadda ake karɓar ɗan gudun hijira a tebur ɗaya da mai masauki.

Kirana ga majalisun coci-coci da makarantun horar da fastoci, daga Bukuru zuwa Kagoro, shi ne su sa waɗannan makonni huɗu a manhajarsu da kalandarsu, su tanadi karatu da addu'o'insu da Hausa. A ɗage tara kuɗin gini zuwa wani wata. A yi jibi ranar Lahadin farko, a sake yi kafin Kirsimeti, a kai wa marasa lafiya da tsofaffi nasu har gida. Kai kuma fasto, kafin ka tambayi jama'a ko akwai wanda bai samu ba, ka tura dattijo ya leƙa waje tukuna.