Canjin Kuɗi: Wa Ake Nufi, Wa Ke Shan Wuya?

Mai karatu, in ka tambayi dattijon unguwarku labarin 1984, da wuya ya gama bai ambaci canjin kuɗi ba. A watan Afrilu na shekarar, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe kan iyakoki, ta ba jama'a ƙasa da mako biyu su kai tsofaffin kuɗinsu banki. Naira 5,000 kawai ake canza maka. Abin da ya haura, sai ka yi rantsuwa kan inda ka samo shi.

An ce 'yan siyasar Jamhuriya ta Biyu da 'yan fasa-ƙwauri ake nufi. To amma wa ya kwana a layi? Manomi da makiyayi da uwar adashe, waɗanda ba su taɓa buɗe asusu ba. Kuɗin wasu a tukunya ya mutu.

Shekara 38 bayan nan, a Oktoban 2022, Buhari yana shugaban farar hula, Gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1,000. Aka ce zai hana sayen ƙuri'a a zaɓen 2023. Ai ka gani da idonka: sai da mutum ya sayi naira da naira a wurin masu POS, ciniki ya tsaya a kasuwannin ƙauye, har Kotun Ƙoli ta dawo da tsofaffin takardun a ranar 3 ga Maris, 2023.

Sau biyu ke nan ana jifan ɓarawo, dutsen yana sauka kan talaka. Allah ya kiyaye na uku.